Wuyan Arakumo

Shekarar da Arakumo ya cika talatin da huɗu, tsinken cin abinci ya fara suɓuce masa daga hannun dama. Ran farko dariya muka yi. Da abin ya maimaita sai dariyar ta ɗauke, yaran da ke tsaye bayansa suna jiran ƙara masa shinkafa suka riƙa kallon rufi. Ni na durƙusa na tsince tsinken, na ajiye masa cokali kusa da kwano. Ya dube ni, ya dubi cokalin.

"Toku, jariri ka mai da ni?"

"Jariri ai ba ya cin tukunya guda, ranka ya daɗe."

Bai yi dariya ba, amma ya ɗauki cokalin, da hagu.

Ni ne Tokuji, mai dafa abincin gidanmu. Jirgin ƙasa ɗaya ya kawo mu Tokyo ni da shi daga arewa, muna 'yan shekara sha biyar, aka miƙa mu gidan kokawar sumo ɗaya, hannun maigida ɗaya. Lokacin sunansa Genzo, dogo, duk haƙarƙari a waje. Shi ya yi ta hawa har aka ɗaura masa farar igiya ya zama Yokozuna, matsayin da babu na sama da shi. Ni kuwa gwiwa ta ci amanata tun da wuri, aka karɓe ɗamarata aka ba ni ludayi. A gaban mutane Yokozuna nake ce masa. In daga ni sai shi, Gen ne, kuma ina faɗa masa abin da ke bakina.

Duk ɗan kokawa in ƙarfinsa ya ja baya sai a sauko da shi mataki, ya ci gaba da lallaɓawa cikin na ƙasa har ya gaji don kansa. Yokozuna ba a sauke shi. Ko ya yi ta kayarwa, ko ya tafi gaba ɗaya. Tafiyar ma ba da bakinsa yake yanke ta ba. Maigidan da ya ɗauke shi yana yaro, ya ciyar da shi, ya dake shi, ya raɗa masa sunan kokawa, shi ke cewa ya isa. A wasu gidajen an fara sassauta wannan. A gidanmu ba a sassauta komai ba.

Waɗanda suka tashi yanzu ba su san wane ne Arakumo ba, hotuna kawai suka gani, shi ya sa nake jin haushi in suna surutu. Ina wurin ran da ya kama da Kumadake a Nagoya, cikin zafin da ke sa gishirin da ake watsawa a dakalin kokawa ya narke a hannu. Kumadake ya fi shi nauyi da buhun shinkafa guda. Suka riƙe ɗamarar juna a tsakiyar dakali suka tsaya cak, ba mai motsi, sai numfashi, sai gumi na ɗiga a kan yumɓu. Har alƙali ya raba su, ya sa alama inda ƙafafunsu suke, aka ba su ruwa, aka mayar da su yadda suke. Da aka taɓa bayansu a ci gaba, Gen ya ɗaga wannan ƙaton sama, ƙafafunsa na lilo, ya taka da shi har bakin da'ira ya dire shi waje a hankali kamar mai sauke tulu. Mutane suka yi ta jifa da matasan zama har ba a ganin alƙali. Kofinsa na farko ke nan.

Akwai kuma shekarar da babban yatsan ƙafarsa ya karye tun gasa na tsakiya. Ni nake naɗe masa shi kowace safiya, yatsan ya yi baƙi ya kumbura. Bai gaya wa kowa ba, ya kayar da duk sauran, ya ɗauki kofi, sannan ya suma a bayi. Maigida ya leƙo ya gan shi a ƙasa ya ce, "Ku watsa masa ruwa, 'yan jarida na jira."

Amma abin da aka san shi da shi, wanda ya sa tsofaffi ke cire hula in ya wuce, shi ne bai taɓa gocewa ba. In 'yan kokawa biyu suka tsugunna suka taɓa ƙasa suka zabura, akwai masu wayon da ke kaucewa gefe, abokin karo ya wuce da ƙarfinsa ya kifa. Doka ba ta hana ba, kunya ce kawai ke hanawa. Gen da goshi yake tarbar kowa. Maigida ya koya masa haka da sandar gora, kuma a nan aka ci wuyan, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru.

Wanda ya ƙarasa shi Tatsuiwa ne, wani saurayi gajere mai faɗin ƙirji, wanda wuyansa da kansa kauri ɗaya. Ba ya neman ɗamara, ba ya dabara, kai yake kawowa irin na rago. A gasar Osaka suka haɗu. Ina tsaye can ƙarshen hanyar shigowa, amma na ji ƙarar haɗuwar kawunansu a cikin haƙorana. Gen ya ja baya, ya fita daga da'ira da ƙafarsa, ya rusuna, ya sauko. A ɗakin shiri ya ce in zuba masa ruwan zafi a hannun dama. Na zuba. Ya ce, "Na ce maka mai zafi." Ruwan kuwa tururi yake.

Likita bai ɓoye mana ba. Ya ce ƙashin wuya ya gusa yana danne laka, kuma karo ɗaya mai kyau ya isa ya kwantar da mutum har ƙarshen ransa, in ma ya bar shi da ran. Gen ya huta gasa uku. Masu faɗa a ji suka fara gunaguni, jaridu suka ce ko dai ya fito a Fukuoka ko ya ajiye igiya. Shi kuwa ajiyewar yake so. Ni kaɗai ya gaya wa, a bayan kicin, yana kallon yadda nake yanka kabeji.

"Tsoro nake ji, Toku."

Ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba. Na ajiye wuƙar.

Lokacin Maigida na kwance a asibiti, ciwon hanta ya cinye shi, mutumin da a da ƙofa ba ta isarsa ya koma ƙashi da ido. Muka je tare. Matarsa Mitsue, wadda duk muke kira Uwargida, tana zaune gefe tana ɓare masa lemo wanda ba zai sha ba. Gen ya durƙusa a ƙasa da duk girmansa, ya kai goshi har daɓe.

"Maigida, hannun dama ya mutu."

"Hagun fa?"

"Yana nan."

"Ƙafafu?"

"Suna nan."

"To me ya kawo ka?"

"Na zo neman izini ne, Maigida."

Tsohon ya daɗe yana kallon tukkun kansa. Na rantse na ga idonsa ya kawo ruwa, amma bakin nan nasa bai san hanyar magana mai laushi ba.

"Ka je Fukuoka ka gama. In ya isa, ni zan gaya maka ya isa. Ba likita ba, ba 'yan jarida ba, ba wancan mai ludayin ba."

A waje Uwargida ta biyo ni ta riƙe min hannun riga. Ta ce, "Kar ka damu, Toku. Na san shi. So yake yaron ya fita ta ƙofar gaba, ba a ce an kore shi ba. Ba zai bari ya sake haɗuwa da Tatsuiwa ba, zai kira kafin nan." Na yarda da ita don ba ni da wani abin riƙewa.

A Fukuoka wani tsohon haikali muke sauka duk shekara, kusa da teku. Yara na kwana a babban zaure, ana gina dakalin atisaye a tsakar gida cikin rumfa, Yokozuna kuma yana da ɗan ɗaki shi kaɗai a bayan lambu. Iskar wannan wata daga teku take zuwa, tana bi ta ƙarƙashin ƙofa ta kama mutum a idon sawu. Da yake Maigida ba ya nan, ragamar yara na hannun Baba Heisuke.

Baba Heisuke ya haura saba'in. Ya riga Maigida kansa shigowa gidan, bai taɓa yin suna a kokawa ba, bai yi aure ba, bai san wani abu a duniya ba sai yadda ake yi. Shi ke hana ni sa naman mai ƙafa huɗu a tukunya lokacin gasa, wai ɗan kokawa ba ya cin abin da ke dafa ƙasa da hannu. Kullum kaza, har yara suka fara cewa sun kusa yin cara.

"Baba, ko ɗan naman alade ne don romo ya yi daɗi."

"Kai da ka ci shi, ina ka kai?"

"Kai da ba ka ci ba fa?"

"Rufe min baki, ɗan banza, ka hura wuta."

Haka muke kullum, kuma ban ƙi shi ba. Sai dai mutum ne da in gida na cin wuta zai tsaya ya jera takalma a bakin ƙofa.

Gasar ta fara. Gen ya riƙa ci da hagu da tsohuwar ƙwarewa, ya kayar yau, a kayar da shi gobe. Yaran da ke karo da shi suna ganin girman igiya, suna zuwa da ƙirji, ba mai kawo kai sosai. Duk da haka kullum in ya dawo sai na ga sabon abu. Yau ba ya iya ɗaura igiyar riga. Gobe yana taka matakala yana duban ƙafarsa kamar ta aro ce. Kuma duk yamma, kafin ya cire takalmi, tambayarsa ɗaya.

"Maigida ya kira?"

"Bai kira ba tukuna."

Tatsuiwa kuwa yana ta share mutane. Biyu daga cikin waɗanda ya kara da su a keken asibiti aka fitar da su. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya. Mun haɗu da shi a lungun zauren gasa, ya tsaya ya rusuna wa Gen har ƙasa, ya ce, "Yokozuna, tun ina yaro hotonka ne a bangon ɗakina. Zan zo da duk abin da nake da shi." Girmamawa yake nufi, a wurinmu babu wadda ta fi wannan. Gen ya ce ya gode. Ni kuwa da na samu tabarya a kusa da na rotsa masa wannan kan. Aka fitar da jadawali, su biyu ne wasan ƙarshe a ranar ƙarshe.

Safiyar ranar ina hura wuta wayar haikali ta yi ƙara. Baba Heisuke ya riga ni ɗauka. Na ga ya miƙe tsaye ƙyam, yana rusuna wa bango, sannan ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba. Uwargida ce.

"Toku, Maigida ya cika da asuba."

Na zauna a kan buhun shinkafa.

"Ya bar magana? Ya ce wani abu kan Gen?"

"Tun shekaranjiya bai farfaɗo ba. Na yi ta kiran sunansa a kunne, ina cewa yaron nan fa, yaron nan fa. Bai ji ni ba." Sannan muryarta ta canza. "Ka saurare ni. Ka je ka ce masa Maigida ya kira, ya ce ya isa. Ka sa ya aika cewa ba zai fito yau ba. Sai an sanar, an ba Tatsuiwa wasan, sannan ku gaya masa rasuwar. Alhakin a wuyana. Na faɗa wa Heisuke ma, kada kowa ya buɗe baki."

Na juya ga tsohon. "Baba, ka ji?"

"Na ji." Hawaye na bin kumatunsa. "Bakina ba zai faɗa ba."

Na wanke fuska da ruwan sanyi, na ratsa lambu. Gen na zaune a bakin ƙofarsa da bargo a kafaɗa, da alama bai runtsa ba. Ban tsaya gaisuwa ba don kar muryata ta tona ni.

"Ya kira, Gen."

Ya ɗago.

"Ya ce ya isa."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce. Ya ce a gaya wa wancan mai taurin kan ya isa, kar ya fito yau, ya dawo gida."

Na ƙara zagin ne don ya yi kama da maganar Maigida, kuma ya kama. Sai kafaɗun nan suka sauka, ya kifa kai a kan gwiwa, bayansa na girgiza. Na tsaya ina kallon itatuwa. Da ya ɗago, fuskar yaron cikin jirgin ƙasa na gani.

"Toku, yunwa nake ji."

Na kawo masa shinkafa mai zafi da ɗanyen ƙwai. Ya ci kwano uku da cokali, yana zuba surutu. Wai zai koma garinsu ya sayi ƙaramin kwalekwale. Wai 'yarsa ta daɗe tana so ya je makarantarsu a gan shi. Wai ni ma in bar tukunyar nan in bi shi, mu buɗe gidan abinci, amma da sharaɗin ba za a dafa kaza ba har abada. Na yi dariya da gaske, na manta mutuwar na ɗan lokaci. Ban taɓa yin ƙaryar da ta yi min daɗi kamar wannan ba, kuma yau ma da za a mayar da ni sai na sake ta.

"Bari in je in yi wa dakali sallama," ya ce, "sannan ka kira masu shirya gasa ka faɗa musu."

"Mu fara kira tukuna."

"Haba, Toku, shekara nawa ina cin ƙasar nan? Ba zan juya mata baya ba sallama ba."

Muka zagaya ta bayan haikali. Tun kafin mu sha kwana na ji abin bai yi min ba. Da safe tsakar gidan nan cike take da ƙarar ƙafafu da gurnani da tsawar Baba Heisuke. Ranar ba ka jin komai sai zubar ruwa.

Ɗamaru ne shanye a kan shingen gora, tun daga bakin rumfa har ƙofar haikali. Baƙaƙe na yara, farare na manya, kowace an warware ta tsawonta, a jiƙe sharkaf, ruwa mai launin ƙasa na ɗiga daga bakinsu yana taruwa a kwata. Yara na tsaye jere da kawuna ƙasa. A tsakiya Baba Heisuke na durƙushe gaban baho, ya naɗe hannun riga, hannuwansa sun yi ja don sanyi, yana cuɗa farar ɗamarar atisayen Yokozuna yana kuka.

Ɗamarar ɗan sumo ba a wanke ta. A shanya ta a rana, a kakkaɓe, a sake ɗaurawa, da guminta da jininta har ta tsufa a yar. Rana ɗaya tak ake sa mata ruwa, ran da maigidan gida ya mutu. Yaron da ya shigo jiya ma ya san wannan.

Gen ya tsaya. Ya bi shingen da kallo daga farko har ƙarshe. Bai yi ihu ba, bai tambayi kowa komai ba. Ya gyara tsayuwa ya fuskanci gabas, wajen Tokyo, ya rusuna, ya daɗe a haka. Da ya ɗago sai ya juyo gare ni.

"Yaushe ya cika?"

"Da asuba."

"Yaushe ya yi magana da kai?"

Na kawar da kai.

"Toku."

"Uwargida ta ce da ya farfaɗo abin da zai faɗa ke nan. Ta san shi, Gen. Ni ma na ga idonsa ran nan. Abin da ke ransa ke nan!"

"Na sani," ya ce a hankali. "Amma bai faɗa ba."

"To wa zai faɗa yanzu? Ya tafi! Sai ka yi ta karo har ka mutu don babu mai cewa ya isa?"

"Cewa ya yi in je Fukuoka in gama. Yau ake gamawa." Ya dubi yara. "A shirya akwatina."

Ya juya ya tafi. Ni kuwa na yi kan tsohon, na shure bahon da ƙafata mai ciwo, ruwa ya malale.

"Me ka yi, Baba? Me ka yi?"

Ya ɗago da jajayen idanu, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne da gaske bai gane ba.

"Ban faɗa ba. Ko kalma ban faɗa wa kowa ba. Cewa kawai na yi a kawo ɗamaru."

"An ce ka jira!"

"An ce kar a faɗa. Maigida na kwance ko sanyi bai gama yi ba, yaransa su ɗaura datti su hau dakali? Da na gabansa ya rasu, kafin rana ta fito muka wanke. Haka ake yi, Toku."

Na ɗaga hannu, sannan na sauke. Tsoho ne, kuma shi ma ubangidansa ya rasa.

A ɗakin shiri na zauren gasa mai gyaran tukku yana ta jan gashin Gen yana shafa mai, ƙamshin ya cika wurin. Labarin rasuwar ya bazu, kowa na zuwa ya rusuna ya wuce. Uwargida ta kira, ya karɓa, ya yi mata gaisuwa, ya ce ta yafe masa, ya ajiye. Na matsa kusa da kunnensa.

"Ka goce masa."

"Me?"

"In ya zabura ka kauce gefe. Zai wuce ya kifa, ka ci, ka gama, ka sauko da ƙafarka. Su yi ta ihu, su jefe ka da matasai, gobe sun manta. Sau ɗaya, Gen, a duk rayuwarka."

"Ran da aka wanke ɗamaru?" Ya ɗan yi murmushi. "Yana kallo fa."

"Ba ya kallon komai, ya mutu."

"Kai dai ba ka taɓa jin tsoronsa yadda ya kamata ba, shi ya sa ka ƙare a kicin. Riƙe min tawul."

Zauren ya cika maƙil. Na tsaya a bakin hanyar shigowa da tawul a hannu. Suka hau, suka watsa gishiri, suka tsugunna suna kallon juna, suka tashi, suka sake. Na lura da hagu yake ɗiban gishirin, daman na rataye. Tatsuiwa ya yi fari fat, yana ta marin cinyarsa. Alƙali ya juya maficinsa, alamar lokaci ya yi. Wurin ya yi tsit har ina jin kukan wani jariri can sama.

Suka zabura. Gen bai goce ba.

Ƙarar ba irin ta Osaka ba ce, wannan ƙasa-ƙasa ta fito, kamar an fasa kabewa. Na ga kan Gen ya koma baya, gwiwoyinsa sun lanƙwashe. Na ce shi ke nan. Sai hannun hagun nan ya zagaya ya cafke ɗamarar Tatsuiwa ta baya. Yaron ya tura, ya tura, har dugadugan Gen suka hau igiyar bakin da'ira. A nan Gen ya murɗa ƙugu ya juya shi, da hannu ɗaya, ya maka shi ƙasa har yumɓu ya tashi. Alƙali ya nuna ɓangarenmu.

Ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Matasai na ta sauka kamar ruwa, tsofaffi na kuka suna kiran sunansa. Ni ƙafafunsa kawai nake kallo. Ya taka zuwa gefensa, yana jan ta dama. Ya rusuna. Ya tsugunna gaban alƙali yadda mai nasara ke yi. Alƙali ya kira sunansa, ya miƙo masa mafici. Abin da ya rage ya ɗaga hannu ya yi alamar godiya, ya miƙe ya sauko.

Hannun bai ɗagu ba. Na hagun ma bai ɗagu ba.

Alƙali ya jira. Mai wasa da bakan harbi, wanda ke rufe taro, ya riga ya tsaya a gefe yana jira. Mutane na ta tafi, suna zaton jimamin maigidansa ne ya riƙe shi. Gen na tsugune, kansa a miƙe, idonsa na yawo cikin jama'a har ya same ni. Sannan ya kife gaba a hankali, fuska a ƙasa, bai ko tare da hannu ba.

Ban san yadda na isa ba. Mu takwas muka ɗora shi a gadon ɗaukar majinyata, likita na riƙe da kansa yana tsawa kar a girgiza. Tafin ya mutu layi-layi, daga gaba zuwa baya. A cikin lungu, muna gudu da shi, na goge masa yumɓun da ke bakinsa. Idonsa biyu, muryarsa ƙalau.

"Toku, kana riƙe da hannuna?"

Ina riƙe da shi da hannu biyu.

"Ina riƙe."

"Na ci?"

"Ka ci."

"To na gama ke nan."

"Ka gama, Gen."

Ya bi fitilun rufi da kallo suna wucewa. Har mun kai bakin ƙofa, an buɗe motar asibiti, iskar teku ta bugo mu, sannan ya sake magana.

"Wa zan gaya wa?"